Dankalin Turawa da Haƙorin Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da ranar da na shiga madafa don in burge surukaina. Har yau idan na je gaisuwa Birnin Tsaba akwai tsofaffin da ba su san sunana na yanka ba, sai wanda na samo a ranar nan.

Lokacin jirgin ƙasa yana shigowa Kaura a kai a kai, ni kuma ina masinja a wani kamfanin sayen gyaɗa kusa da tasha. Karatuna bai wuce elemantare ba, amma ina da wandon kaki da keke, saboda haka ina ganin kaina rabin Bature. Manajan namu Bature ne, yana da kuku, wani dattijo mutumin Jos. Wata rana aka aike ni gidan, na tarar an dawo da sauran abinci daga tebur, sai dattijon ya ɗebo mini cokali biyu a murfin kwano. Dankalin turawa ne aka yanka falle-falle, aka jera cikin madara, aka gasa. Samansa ya yi ja, idan ka ɗaga cokali sai wani abu ya biyo shi kamar zare. Na tambayi yadda ake yi. Ya ce a shafe kwano da man shanu, a jera dankali da albasa, a zuba madara da gishiri, a goga cukun turawa a sama, a sa a tanderu. Ya ce ba shi kaɗai ake ci ba, rakiya yake yi wa nama. Iyakar karatun da na yi ke nan a kan wannan abinci, a tsaye, bakina cike.

Ban daɗe da yin aure ba. Matata Kulu 'yar Birnin Tsaba ce, a hannun gwaggonta ta tashi, kuma gwaggon nan ita ce ake kira girkin biki tun daga Zurmi har ƙauyukan gefe. Sai saƙo ya zo cewa mahaifin Kulu da Gwaggo za su zo su ga ɗakinta, zuwansu na farko. Kulu ta ce za ta yi tuwon dawa da miyar kuka, a yanka zabo. Na ce wannan kullum shi suke ci a gida, ya kamata su san ɗiyarsu birni ta zo. (Kaura nake kira birni, a yi mini afuwa.)

Dankali bai yi wuya ba, wani mai gadin jirgi ya kawo mini. Madara kuwa Fulani suna kawowa kowace safiya. Cukun ne matsala, domin na Bature a gwangwani yake zuwa daga Kano, kuma ba na irinmu ba ne. Na ce a raina ai cuku cuku ne, duk daga nono aka yi su. Ranar kasuwar Shinkafi na hau mota na je wurin Buzaye, na sayo nasu, irin mai faɗin nan busasshe mai zanen tabarma a jiki. Buzun ya tambaye ni ko na hura ne ko na shayi. Na ce masa na gashi ne. Ya dube ni ta saman rawaninsa, bai ce komai ba, ya naɗe mini.

Kulu ta gaya mini. Wannan dole in faɗa. Ta ce cukun Buzaye daka shi ake yi a turmi a zuba a hura, ko a jiƙa shi a shayi mai zafi, ba ta taɓa jin ya narke ba. Na ce ita ba ta taɓa ganin tanderun Bature ba. Ta ce ni ma ai ba ni da shi. Ta ce in dai ya zama dole, in faɗa mata yadda ake yi ta gwada. Na ce wannan ba girkin mata ba ne, kukun ma namiji ne.

Ranar da za su zo, da hantsi, na sa aka rufe ƙofar gida don kada maƙwabta su ga namiji a bakin murhu. Na zuba yashi a babbar tukunyar ƙarfe, na ɗora kwanon dankalin a kai, na rufe da murfi na tara garwashi a bisa. Cukun ya ƙi goguwa, sai na kakkarya shi da wuƙa na shimfiɗa a sama kamar mai rufin kwano. Duk bayan ɗan lokaci ina buɗewa in ga ko ya narke. Bai narke ba. Na ce wuta ce ta yi kaɗan, na ƙara garwashi, na durƙusa ina hurawa, har wata wuta ta taso ta lashe mini fuska. Kulu tana can gefe tana tuƙa tuwonta, ba ta ko waiwayo ba. Da na sauke, saman ya yi ja kamar na Bature. Na ƙwanƙwasa da cokali, ya amsa. Na ce wa kaina idan ya huce zai yi laushi.

Suka iso kafin azahar. Aka sauki tsohon a zaure tare da wani abokin tafiyarsa, Gwaggo ta wuce ciki. Aka kai tuwo da zabo da kwanona, aka raba wani aka kai wa Gwaggo. Suruki dai ba ya cin abinci gaban surukinsa, don haka na gaishe shi daga bakin ƙofa, kaina a ƙasa, na koma bayan katangar zaure na tsuguna ina jiran yabo.

Na ji an buɗe kwano. Na ji abokin tafiyar ya ce, "Wanga mi na ne?" Tsohon ya ce duk abin da ɗiyarsa ta dafa abinci ne, a yi bisimilla. Daga nan sai wata ƙara, irin ta akuya idan ta samu busasshen ƙirgi. An daɗe ana yi. Surukina mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, bai iya mayar da abincin gidan ɗiyarsa ba a taɓa ba, sai ya dage. Can na ji ya yi salati a hankali, ya ce a miƙo masa ruwa. Da aka fito da kwanuka, tuwo da zabo sun tashi tas, kwanona an ci lomar kunya a gefe guda, kuma a kan murfin akwai haƙori ɗaya, an ajiye shi a tsanake.

To, a wurinmu duk abin da ya fito daga madafa na matar gida ne, daɗinsa da rashinsa. Wannan ne ban lissafa ba. Ina tsakar gida na ji Gwaggo daga ɗaki, ba da ƙarfi ba, amma kowace kalma tana fitowa. Ta ce ita ta koya wa Kulu riƙon muciya, yau ga shi ta ba ubanta ƙasan takalmi ya ci. Ta ce idan labarin nan ya kai Zurmi, wa zai sake kiranta girkin biki. Ta tambaye ta wa ya koya mata wannan. In Kulu ta ce ni na dafa, ta tona mini asiri, kuma za a ce ita ce macen da ta sa mijinta a murhu. Sai ta sunkuyar da kai ta ɗauka.

Ni kuwa na yi abin da na fi ƙwarewa a kai a lokacin, na tafi masallaci. Na ce kafin in dawo magana ta mutu. Na yi salla, na yi nafila, na tsaya na taya wani gyaran sarƙar keke. Da na dawo na tarar da ƙullin kayan Kulu a bakin ɗaki. Gwaggo ta yanke cewa za ta tafi da ita gida sai bayan kaka, ta sake koya mata girki daga farko, kuma tsohon bai hana ba. Kulu tana zaune kusa da ƙullin da mayafinta a kai. Ta dube ni sau ɗaya, ta kau da kai.

Na cire hula na je bakin zaure na durƙusa. Gwaggo ta fito ta tsaya. Na ce, "Baba, a yi mini aikin gafara. Dankalin nan ba Kulu ta yi ba. Ni na yi."

Gwaggo ta ce kada in rufa wa yarinya asiri da ƙarya, wane namiji ne mai aikin gwamnati zai shiga madafa. (Ba aikin gwamnati nake ba, amma ban ga lokacin gyara ba ne.) Na rantse. Ta ƙi yarda. Sai ta ce in ɗago kaina. Tun zuwansu kaina a ƙasa yake, hula kuma har goshi, kowa ya ɗauka kunya ce. Na ɗago. Girata ta hagu babu ita, ta dama saura rabi.

Tsohon ya dube ni, hannunsa a kumatu. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, da sabuwar muryarsa mai ɗan iska, "Ashe ɗiya biyu gare ni gidan ga. Guda ta iya, guda ba ta iya ba."

Gwaggo ta ce to a kwance kayan Kulu, a ɗaure nawa. Abokin tafiyar nan ya fita waje da sauri, na ji shi yana tari a bayan katanga. Shi ne ya kai labarin gida, shi ne kuma ya raɗa mini Ƙanwar Kulu, sunan da ya bi ni har na yi furfura.

Kulu ba ta tafi ba. Ba ta kuma yi mini magana ba sai washegari, tana kankare kwanon, ta ce dankalin da ke ƙasa bai yi laifi ba, in da an bar shi da madararsa da man shanu ba a yi masa rufi ba. Daga baya ta riƙa yinsa haka nan a tukunyar yashi, ta ɗan fasa ƙwai a sama, jikokinmu ma sun ci. Ba ta taɓa bari na matso kusa ba. Surukina kuwa har ya bar duniya, duk abin da aka kai masa daga gidana sai ya tambaya wace daga cikinsu ta dafa.

Girar ta tsiro, haƙorin bai tsiro ba. Abin da na riƙe tun daga ranar shi ne, idan Buzu ya dube ka ta saman rawani ya yi shiru, matarka kuma ta faɗa maka da baki, to ka bar turmi ya yi aikinsa, kai kuma ka koma zaure ka jira tuwo.