Rasuwar Manyan Ƙafafun Motar Garrett Vandermolen

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda duk na maigidan ne shi kaɗai, iyalan Vandermolen na garin Brennick a jihar Michigan suna sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar manyan ƙafafun motarsu guda huɗu, baƙaƙe masu sheƙi, 'yan inci ashirin da biyu. Ta gaba ta dama ce ta fara cikawa ranar Talata da safe. Sauran ukun lafiyarsu ƙalau, uwargida Corinne ce ta sa aka kwance su a kan idonta, ta kuma ce a rubuta hakan a sanarwa don ba ta jin kunyar kowa.

Marigayan sun shigo gidan shekara uku da suka wuce, a ƙarƙashin jif mai aiki da lantarki da mijinta Garrett ya saya. Dillali ya nuna masa ƙanana masu kaurin roba, ya ce sun fi taushi a hanya, sun kuma fi riƙe caji. Garrett ya ce shi ba motar kai yara makaranta ya zo saya ba. Ya zaɓi manyan, waɗanda robarsu ba ta fi gindin silifa kauri ba, ya ɗora musu motar da batirinta kaɗai ya kai nauyin bijimin sa.

Ba a son a ci zarafin wanda ya tafi, don haka za a faɗi alherinsu. Sun yi kyau a tsaye. Sun yi kyau a hoto. Duk safiyar Lahadin da maza ke jera motocinsu a filin bayan shagon kofi suna zagaya su, marigayan kan sha yabo, Garrett ya dawo gida kai ya kumbura. Da buroshin haƙori yake wanke su, lungu-lungu, mutumin da Corinne ta shekara ashirin tana roƙo ya ɗauraye kofin da ya sha. An yi ta laluben wani alherin bayan waɗannan, ba a samu ba.

Za a daɗe ana tuna muryarsu. Motar ba ta da ƙarar inji, su kaɗai ake ji: gwaf a rami, ƙwas-ƙwas a kan layin dogo, dam a bakin gada. Ba su taɓa haɗiye komai ba. Duk abin da titi ya yi musu, nan take suke kai shi ga ƙashin bayan wanda ke zaune. Garrett kullum cewa yake laifin titi ne.

Wanda ya fi kowa sanin halinsu shi ne Baba Lyle, mahaifin Corinne, ɗan shekara tamanin da ɗaya, wanda ke zaune da su, ana kai shi wankin ƙoda Talata, Alhamis da Asabar. Kamar kowa a nan, duk Nuwamba Garrett kan sauke marigayan ya jera su a gareji cikin rigunansu, kada gishirin da ake zubawa a titi ya ci musu fuska, ya ɗaura ƙananan ƙafafun ƙanƙara masu kaurin roba da yake kira munana. Duk Afrilu ya mayar da 'yan gatan nasa, daidai lokacin da ƙanƙara ta narke ramuka suka buɗe baki.

A watannin sanyi, tun kafin a kira shi Baba Lyle ya sa hula yana jira a bakin ƙofa. Da Afrilu ta shigo sai uzuri ya fara: yau jikinsa garau, jiya asibiti sun bugo waya sun ɗaga ranar. Shekara biyu Corinne tana yi masa faɗa, ta ɗauka taurin kan tsufa ne, kuma wannan faɗan shi ne abin da ba za ta yafe wa marigayan ba. A makon jiya tsohon ya tsallake wanki biyu a jere, ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Asibiti suka gaya mata ƙarara cewa in ya ci gaba da haka ba zai kai ƙarshen shekara ba. Ta tsaya gaban kalandun da take ajiyewa, inda take sa jan biro a duk ranar da ya ƙi zuwa. Ja ɗin duk daga Afrilu zuwa Nuwamba yake.

Jinyar marigayiyar ta gaba ta dama ba ta yi tsawo ba. Ranar Talata Corinne ta tura mahaifinta cikin mota da ƙarfin tsiya, Garrett na tuƙi. A titin Tannery suka faɗa wani rami. Kalaman marigayiyar na ƙarshe su ne gwaf, sannan fuuuu. Garrett ya fita da gudu ya durƙusa yana shafa tsagewar ƙarfen, yana cewa watakila mai walda ya iya ceto ta. Corinne ta waiga baya, ta ga tsohon ya rungume hannun da ake soka masa allura, hawaye na bin kumatunsa.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun da aka sa su, 'yata," in ji shi. "Yaron yana son abinsa. Ni kuma a gidansa nake, a motarsa ake kai ni."

Ta sauke gilashi a hankali. "Garrett, in ka gama shafa ta, ka zo ka duba surukinka. Shi ba a sayar da irinsa a shago."

Bakanike ya tabbatar da rasuwar da tsakar rana. Garrett ya yi maganar a yi odar guda ta maye gurbinta, Corinne ta ce ya yi, sai dai ya shirya komawa gareji da kwana tare da ita. Aka ɗaura 'yan inci sha tara masu kaurin roba. Ita sha takwas ta nema, bakanike ya ce ba za su wuce kan birki ba. Da za su wuce, da ko ƙafar baro ce sai ta sa.

Marigayan sun bar buroshin haƙori guda, kwalaben man gogewa bakwai, riguna huɗu da babu mai sawa, da maigida da ya ce daga yanzu can ƙarshen fili zai riƙa ajiye mota ranar Lahadi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a bakin titin ƙofar gidan, inda za a jera gawarwakin da kwali a kansu an rubuta KYAUTA. Mai kawo abinci ya kawo marar gishiri saboda Baba. Abokan shagon kofi da suka fara cewa an ɓata wa mota kyau, an keɓe musu aikin ɗaukar gawa, kowa guda, a ka. Uwargida ba ta karɓar ta'aziyya.

Babban mai makoki ba zai halarta ba, don ranar wanki ce kuma shi zai kai Baba Lyle. Ranar Alhamis tsohon ya yi barci a hanya har da minshari, sai da Garrett ya zagaya asibitin sau biyu ya kasa tashinsa, ya kuma dawo gida bai iya haɗa ido da kowa ba. Corinne ce za ta tsaya a kan gawarwakin, kuma ba za ta shiga gida ba sai ta ga an tafi da ta ƙarshe.