Tanderun Inna Laraba a Bajekolin Tarihi

Ba zan taɓa mantawa da bajekolin tarihi na makarantarmu ba, ko da yake Allah ya sani na yi ƙoƙari. Ina aji huɗu a sakandare lokacin, ƙarshen shekarun tamanin, irin ɗaliban nan da in malami ya kira sunansu sai 'yan aji sun waiwaya su ga ko wane ne.

A laburare na ci karo da wani littafi mai hotunan tsofaffin masana'antun narka ƙarfe na yankin Wales, can Birtaniya. An daina aiki a cikinsu tun zamanin kakanni, amma an kewaye su da shinge, an kafa alluna, mutane na tasowa daga nesa don kallon baƙin bango da toka. Abin ya tsaya mini a rai, domin malaminmu na tarihi, Malam Bala, ya sha gaya mana cewa mutanen Zazzau ma sun daɗe suna narka tama. Da ya ce wanda ya kawo abu mafi daraja shi zai wakilci makaranta a Kaduna, sai na ƙudura ni zan gano namu. (Ban taɓa zuwa Kaduna ba, kuma ban taɓa zama na ɗaya a komai ba.)

Sati biyu ina bin gindin ganuwa da rula da ƙaramin littafi. A wani kango kusa da Ƙofar Kibo na same shi: ƙatuwar tukunyar ƙasa, rabinta a binne, cikinta baƙi ƙirin, ga toka, ga wani ƙonannen abu manne a bangonta wanda na yanke hukuncin kashin ƙarfe ne, wato dattin da ke saura in an narka tama. Na auna, na zana, na kankare ƙonannen na zuba a ambulan. Akwai dattawa zaune a dakalin gidan da ke kusa. Sau uku ina nufar su da tambaya, sau uku ina gaishe su in wuce. Suna kallo na tone tukunyar, suna kallo na tura ta a baro, ba wanda ya hana ni. Ashe sun ɗauka aiko ni aka yi.

Ranar bajekolin an gayyato wani malami daga jami'a. Ya tsaya a teburina, ya karanta allon da na rubuta cewa wannan murhun narka tama ne mai shekara ɗari biyar. Na yi bayanin Wales, na yi na Zazzau. Ya buɗe ambulan, ya sansana, sannan a gaban shugaban makaranta ya jefa kashin ƙarfen a baki ya tauna.

"Yaro, maƙeran naka da riɗi suke aiki?"

Ban kai ga amsawa ba aka ji sallama a ƙofar zaure. Inna Laraba ce mai gurasa, wadda duk unguwarmu muke saye a wurinta, da ƙwaryar ƙullu a ka. Ta yi wata guda a Kano wajen haihuwar 'yarta, ta dawo ta kwaɓa ƙullun gurasar wani gidan suna, ta tarar da rami inda tanderunta yake. Sawun baro da bakin dattawa suka kawo ta.

"Kai ɗan Malam Sule, shekara goma kana cin gurasata, ba ka san inda take fitowa ba?" Ta karanta... a'a, karanta mata allon aka yi, ta ce ita dai bara ta saye shi, kuma ƙullu ba ya jiran tarihi.

A filin makaranta aka girke tanderun da duwatsu. Ni na samo itace, ni na fifita wuta da allon bayanina, ina cikin farin yunifom, baƙi sun kewaye ni suna jiran gurasar farko ta gasu. Malamin jami'a ya ci biyu. Malam Bala bai ci ba, bai kuma dube ni ba. Wata yarinya mai tsohon kwabo mai huji ita ta tafi Kaduna.

Har yanzu ina son littafi, kuma har yanzu ina jin nauyin mutane. Sai dai in na ga abu ya yi kama da tarihi, nakan daure in tambayi na kusa ko mai shi yana da rai.