Ɗakin da Bahago Ya Hana Kowa Gani

"Ni zanena ba ya bukatar idon kowa!" in ji Bahago magini, yana dukan ƙirji a bakin kasuwar Agadas. "Mai neman tafi ai maroƙi ne!"

Kada ku ɗauka zuhudu ne ya kama shi. Bikin Jamhuriya ne ya matso, kumandan mai mulkin garin ya ba wani magini, Hamidu, aikin ƙawata ƙofar filin biki, aka bar gogan naku yana cizon yatsa.

Sai ya shige wani ɗaki a gidansa da kwaɓaɓɓiyar laka, ya shiga fitar da zane a bango: ga wata, ga takobi, ga raƙumi mai wuyan buta. Kullum da la'asar sai ya fito kasuwa, laka har gira.

"Ko kun roƙe ni ba zan nuna muku ba!"

"Ba mu roƙa ba, Sarkin Laka," in ji mai shayi.

Abin ya ci masa rai. Ya koma ya toshe taga, wai kada a leƙa. Ba wanda ya leƙo. Ya ce to, ƙofar ma ɓata masa zane take yi. Ya jera tubali ya liƙe ta tsaf, ya yaɓe, ya zana tauraro a kai.

Daga ciki fa.

Shiru, shiru, sai matarsa Ramatou ta ji murya kamar daga rijiya: "Ramatou! Kira mutane!"

"Mutane kuma, maigida? Ka ce ba ka bukatarsu. Zauna ka sha kallo."

"Wane kallo? Duhu ne, ni ma ba na gani!"

Kafin ta nemo masu diga, unguwa ta cika maƙil, har saman soro. Hamidu da kansa ya kai sara na farko, daidai bayan tauraron. Bango ya rufto, raƙumi ya bi wata, takobi ya zama gari. Aka jawo Bahago ta ƙafa, rawani ya warware, yana atishawar ƙasa. Aka ɗauki tafi da guɗa, irin wanda ƙofar Hamidu ba ta taɓa samu ba.

Ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Kun dai ga aiki, ko?"

Wata tsohuwa, Inna Mariya, ta share hawayen dariya ta ce, "Bango dai ba mu gani ba, ɗan nan, amma fitowar ta yi kyau. Don Allah ka sake ran biki, ƙanwata ba ta nan."