Ƙullin Goggo a Cikin Takalmin Gudu

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da Baban Nana ya fara gudu ba. Tun ƙafarshi ba ta yi komi ba nike cikin fargaba: in bai ci konkur ba, wato jarabawar shiga aikin kaki, ci-rani zai koma, ya bar ni da jinjira a Dogon Dutsi. Gudu kuwa shi ne jarabawar farko.

Kullum da sassafe yana bisa gudron, wato hanyar kwalta, da tsofaffin takalman basket na gwanjo. Mutumin da ba ya gudu sai in akuya ta kwance, sai ga shi kullum yana ƙara nisa. Ana nan ya fara ɗingishi. Da fari sai ya yi nisa ƙwaurin ke ciwo, daga baya ko masallaci ya je yana yamutsa fuska. Na lura wuri guda yake nunawa kullum, da yatsa guda.

Ni goyon Lugu ce, garin da ba a wasa da zancen iskoki, kuma na san hanyar tana ratsa gindin wata tsamiya. Nan take na gama bincikena: ya taka wurin doguwa, aljanar tsamiyar. Sai na kama aiki. Da marece ina murza mishi kwalba bisa ƙashin (haka na ga ƴan ƙwallo na yi), yana cije baki ina cewa jinin ne ke warwarewa. A ɓoye kuma na aika wa goggona, ta aiko da ɗan ƙulli cikin fata. Maigidan ɗan sunna ne, ko kambu ya gani a hannun Nana sai ya tsinke, don haka na tura ƙullin ƙarƙashin shimfiɗar takalmin.

Da ciwon ya ƙi, Malam Isufu, wanda ke ja musu salla a unguwa, ya kai shi likita bisa moto. Na bi su da goyo.

Majo, babban ma'aikacin jinya na wurin, ya ce, "Nuna mini wurin."

Ya ɗora yatsa. Majo ya danna, Baban Nana ya zabura.

"In gajiyar nama ce, da tafin hannu za ka shafo tsawon ƙwauri, kuma hutu na lafar da ita. Wannan kan yatsa ya rufe shi. Yi tsalle da ƙafar ita kaɗai."

Ya gwada, ya kama bango.

"Ina zaton ƙashin ne ya tsage, siririn tsagu, don yawan dukan ƙasa. Za a yi radiyo, hoton ƙashi, amma da fari ba kullum take nunawa ba. An murza da wani abu?"

"Kwalba," in ji Baban Nana, bai ko dube ni ba.

Na zaci kunyar ta ƙare nan. Sai majo ya ce a miƙo takalmin ya ga yadda ƙasan ya cinye. Ya lanƙwasa shi, ya zaro shimfiɗar. Ƙullin ya faɗo, ya gangara, bai tsaya ko'ina ba sai gaban Malam Isufu.

"Wannan fa, Malam, na kamfani ne?" in ji majo.

"Ƙila na mai takalmin na farko ne," in ji Malam Isufu, don rufa asiri. Sai dai zaren da aka ɗaure shi irin na kitson Nana ne, ja, kuma kan Nana na leƙowa ta kafaɗata. Kowa ya dubi zaren, ya dubi kan. Ni dai na dubi siminti.

An hana shi gudu makonni, konkur ta wuce. Ci-ranin ma bai je ba, ƙafa ta hana. Da na kai wa Goggo ƙara, cewa ta yi, "Ke ɗiyar nan, ba so kike ya zauna gida ba? To ga shi zaune." Tun ranar na koyi cewa idona na gani daidai, fassarar ce ba tawa ba.

Yanzu ya fara takawa a hankali, bisa rairayi, yana jiran wata konkur. Don Allah, in naku mai gudu ya nuna ƙwauri da yatsa guda, ku ajiye kwalbar, ku kai shi likita.