Geron Baba da Jajayen Ɗigo

Ko tsufa ya cinye min ƙwaƙwalwa, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara ƙauyenmu kaf suka kalli wautata a jikin bango ba.

Ina digiri na biyu a Kano lokacin, ina bincike kan saiwar gero, kuma irin gonar Babana na ɗebo daga ƙauyenmu da ke bayan Minjibir. Manhajar da muke aiki da ita tana nuna kowace ƙwayar halitta ta saiwar a matsayin ɗigo. Kai kuma sai ka rubuta sharaɗi ta tace maka. Ni ina neman waɗanda wata ƙwayar gado mai alaƙa da jure fari ke aiki a cikinsu daidai wa daida: ƙarfinta ya haura ɗaya, kuma bai kai biyar ba. Duk wadda ta cika sharaɗin sai ta koma ja.

A tsakanin sharuɗan biyu akwai wurin zaɓar DA ko KO. Na danna KO (hannuna ɗaya na kan kwamfuta, ɗayan na cikin ledar gyaɗa). Allon ya yi jawur, ko ɗigo ɗaya bai rage ba.

Mai hankali zai tsaya ya yi shakka. Ni waya na ɗauka: "Baba, geronka ba ya jin fari. Kimiyya ta tabbatar!"

Kafin mako ya zagayo, Baba ya faɗa a majalisa, ya faɗa a kasuwa. Mutane suka yi ta zuwa musayar iri, wasu har sun fasa shuka nasu. Ni kuwa na gayyato malamata, Farfesa, ta zo ta ga abin al'ajabi (na ma ɗinka sabuwar shadda).

Aka haska allon kwamfutar a bangon firamaren ƙauyenmu, Baba na kujerar gaba. Farfesa ta dubi ja, ta dubi sharaɗina. Sai ta buɗe jerin matattun ƙwayoyin da muka ware don zubarwa, ta ɗora musu sharaɗin. Su ma suka yi jawur.

"Ma sha Allah," in ji ta. "Har waɗanda suka mutu suna jure fari."

Na fara kame-kamen Turanci. Baba ya ɗaga hannu: "Hajiya, me yaron nan ya gaya wa injin?" Ta fassara masa.

Ya ce, "Wato an ajiye mai gadi a ƙofa, an ce ya shigo da wanda ya haura shekara ɗaya, ko wanda bai kai biyar ba. To wa zai hana? Jariri ya shiga, ni ma na shiga, jakina ma ya shiga."

Aka bushe da dariya. Mutumin da bai taɓa riƙe kwamfuta ba ya gane a minti ɗaya abin da ya shige min duhu wata guda. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Dariyar ba ta yi min ciwo kamar washegari ba, da na bi Baba gida-gida yana cewa, "Ku shuka naku, ɗana ya yi kuskure."

Yanzu duk sharaɗin da na rubuta, sai na fara gwada shi da abin da na san bai kamata ya wuce ba. A waya kuwa, har gobe kafin Baba ya tambayi lafiyata sai ya ce, "Malam mai gadi, yau an hana wani shiga kuwa?"