Aron Sunan Kaka Lorette

"Lafiya lau, sai ƙugu. Rufe ƙofar nan, ba titi nake biya wa kuɗin ɗumi ba."

Haka Kaka Lorette ta amsa gaisuwar jikanta Gaetan ran Alhamis da la'asar, a gidanta da ke garin Sudbury. Shekararsa ashirin da ɗaya, ya samu aiki a wajen haƙar ma'adinai, ran Litinin zai fara, kuma babu bas mai zuwa can da asuba. Ya ƙyalla ido kan wata jar mota da zai ɗauka bashi, dillali ya ce zai riƙe masa zuwa Asabar. To mota ba ta hawa titi sai da inshora, kamfani kuwa sun yanka masa dala ɗari huɗu da tamanin duk wata. Da huci ya shigo.

"Tsohuwa, ke nawa suke karɓa a wurinki?"

"Tamanin da biyar."

"Ke da kike tuƙi kamar mai rakiyar gawa, hanci a kan sitiyari?"

"Shi ya sa. Shekara hamsin ko kwandon shara ban goga ba. Kai kuwa da keke ma ka ɓalla shingen maƙwabta."

Gaetan ya ja kujera ya shiga zayyano zaluncin duniya. Wai bara Kaka ta zame a ƙanƙara, aka sa mata ƙarfe a ƙugu, ta kwana tara a asibiti ana kawo mata shayi har gado, katin lafiya kawai ta nuna. Shi da ko mura ba ya yi, daga albashinsa za a riƙa cire harajin irin wannan gata, sannan don shi saurayi ne a tatse shi kan haɗarin da bai yi ba.

"Ƙugun nan rabinsa nawa ne," in ji shi. "Ki riƙa taka shi a hankali."

Kaka ta ajiye ludayin miyar wakenta. Ta ce wane gata, bayan motar asibitin da ta kwashe ta sai da suka aiko mata takardar dala arba'in da biyar, uwarsa kuma ta kusa tsiyacewa wajen biyan kuɗin ajiye mota duk zuwan dubiya.

"Kai kuma da aka haife ka bakwaini, wata guda ka yi a kwalba. Harajin wa ya biya? Da na san abin da za ka zama, da na je na nemi canjina."

"Ai kin ci riba. Wa yake kwashe miki ƙanƙarar ƙofar gida?"

"Rana."

Da ya ga faɗa ba zai kai shi ba, sai ya sassauta murya ya fito da abin da ya kawo shi. A rubuta jar motar da sunanta, a ce ita ce mai tuƙawa, shi kuma jefi-jefi yake taɓawa. Abokansa duk haka suke yi, kuɗin sai ya faɗo ƙasa da rabi.

"Sunanki kawai zan ara. Ai ba kya komai da shi."

"Kayan aro ba ya rufe katara, ɗan nema. Ranar da ka daki motar wani, za su zo layin nan su tambayi wa ke fita da ita ƙarfe biyar na asuba." Maƙwabtan layin kuwa, a yi musu adalci, ba sai an tambaye su sau biyu ba. "Sai su ce tsohuwa mai ƙugun ƙarfe ce ke zuwa haƙar ma'adinai? Su ƙi biya, su soke tawa inshorar, a tsufana a kira ni maƙaryaciya."

"To ki zauna da sunanki. Ran Litinin in sun ba wani aikin, nan zan tare, ki ciyar da ni."

Wannan ce ta girgiza ta, don ta san cikinsa. Ta dogara sanda ta shiga ɗaki, ta fito da mukullin motar marigayi mijinta, wadda ta shekara uku a gareji. Ta ce kyautar kaka ga jika ba a biya mata harajin sayarwa, kuma tsohuwar mota da babu bashi a kanta ba sai an yi mata cikakkiyar inshora ba, ta dole kawai. Ta tsare shi ya kira kamfanin a gabanta, da sunansa. Suka ce ɗari biyu da casa'in.

"Har yanzu fashi ne," in ji Gaetan. "Ga motar kuma kalar kunun da ya kwana. Wace yarinya za ta shiga wannan?"

"Wadda ta shiga, riƙe ta. Ba don mota ta zo ba, ba kuma don fuska ba."

Ya juya mukullin a hannu, dariya ta ƙwace masa.

"Na karɓa. Amma duk wanda ya tambaye ni, cewa zan yi taki ce."

"'Yan mata ka faɗa wa haka," in ji Kaka. "Kamfani ka faɗa musu gaskiya."