Ranar da Na Kai wa Kakana Ragon Mutane

Ba zan taɓa mantawa da wani jajibirin babbar salla da na yi a Zangon Kwatano ba, shekarar da na gama aji biyu a karatun likitan dabbobi. A Sakkwato aka haife ni, amma mahaifiyata 'yar Zango ce, unguwar Hausawa ta birnin Kwatano, can ƙasar masu Faransanci, don haka tun ina ƙarami duk dogon hutu a gidan kakannina nake yin sa. Kakata, da muke kira Iya, maigidana take ce mini, kuma ba ta barin na ajiye jaka sai ta tambaye ni kuɗin cefane, alhali soyayyen kifi da tuwon masara na can a rufe suna jirana. Kakana Alhaji Baba kuwa tsohon direban babbar mota ne. Gaisuwarsa ɗaya ce kullum: "Ka dawo ƙwace mini tsohuwa ko? Ɗauke ta, na huta."

A wannan shekarar ban zo a matsayin jika ba, a matsayin likita na zo. Har da farar riga a jakata da abin sauraron bugun zuciya (na aro ne, kuma a lokacin ban tabbatar da gefen da zuciyar rago take ba). Alhaji Baba na da wani farin rago mai baƙin kunne ɗaya, ya sa masa suna Shofer, wato direba da Faransanci. Shekara guda yana kiwonsa, kowace safiya tare suke karyawa, shi da shayi, ragon da gutsuren burodi. Ina isowa na karɓe ragamar lafiyarsa ba tare da kowa ya roƙe ni ba. Kwana uku ina ɗura masa maganin ƙarin kuzari.

Ranar jajibiri da hantsi na ce ni zan kai shi wanka. Akwai famfo a ƙarshen layinmu, nan 'yan unguwa ke wanke ragunansu, su ɗaure su a jikin wani dogon ƙarfe su bushe. Na saka farar rigata (don wankan rago, ku ji fa), na wanke Shofer tas, na ɗaure shi a cikin sahu. Sai ga wata budurwa tana jiran nata ragon ya bushe. Na gyara tsayuwa na ce mata bonjur, na bi da sauran Faransancin da na iya, wanda duka bai wuce kalma biyar ba.

Ta saurara har na ƙare, sannan ta ce, "Malam, yi Hausarka, mun fi ganewa."

Sunanta Sahura, a jami'ar Kalabi take karatu. Na yi Hausar kuwa, na yi da yawa. Na faɗa mata cututtukan tumaki ɗaya bayan ɗaya. Da zan tafi, idona na kanta na miƙa hannu baya na kwance igiya. Na yi nisa na ji tana kirana, na ɗaga mata hannu ba tare da na waiwaya ba, don na ji an ce namiji ba ya nuna zumuɗi.

Ragon ya yi ta turjewa a hanya. Na ce haushin wanka ne.

Na tarar da Alhaji Baba a ƙofar gida da abokansa dattawa biyar a kan benci. Ya kalli ragon, ya kalle ni, ya ce, "Dokotoro, yaya majinyacin?"

Nan na buɗe baki. Na ce su duba ƙirji yadda ya buɗe, su duba cinya, duk aikin kwana uku ne. Wani tsohon mahauci a cikinsu, Malam Sani, ya shafa gemu ya ce, "Ɗana, maganin naka har ƙaho yake ƙara wa murɗewa?"

"Baba, ai ilimi ne," na ce masa. (Allah ya yafe mini.)

Alhaji Baba ya zaro gutsuren burodi daga aljihu ya miƙa. Ragon ya shinshina ya kau da kai. Ban ko tsaya tunani ba na bayyana musu cewa wannan babbar alamar lafiya ce, jikinsa ya ƙoshi, ya daina kwaɗayi. Dattawa suka yi ta gyaɗa kai. Malam Sani har cewa ya yi in ƙara bayani, bai gane sosai ba. Na ƙara.

Ina cikin ƙarawa Iya ta leƙo da ludayi a hannu. Kallo ɗaya ta yi ta ce, "Maigida, wannan baƙon daga ina?"

"Wane baƙo, Iya?"

Alhaji Baba ya ce, "Nawa dai kunnen hagu ne baƙi. Ko shi ma maganin ne ya mayar da shi dama?"

Benci ya kusa kifewa. Malam Sani ya cire hula yana share hawaye da ita. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na gode mata. Amma da dariyar ta lafa sai na ga Alhaji Baba na jujjuya burodin nan a hannunsa. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Abokina, gobe salla. Je ka nemo mini Shofer."

Na koma famfo a guje, babu rago ko ɗaya a jikin ƙarfen. Na bi gida-gida ina jan ragon mutane, ina sallama, ina tambayar ko an ga wani mai kama da wannan. Wata mai sayar da ƙosai ta tambaye ni ko asibiti ne suka fara tallar raguna. Da azahar na dawo hannu rabbana, gumi ya jiƙe farar riga.

Iya ta ce, "Sake wa ragon nan igiya ka bi shi. Ya fi ka sanin unguwa."

Na sake shi. Ragon ya ɗiba a guje, na rufa masa baya, abin sauraron zuciya na dukan ƙirjina, masu zem, wato 'yan acaɓan garin, suna kauce mana suna zagina da harsuna uku. Sau biyu kawai ya sha kwana, ya faɗa wani gida mai koren ƙyaure. Na faɗa bayansa ko sallama babu.

Ga Shofer a ɗaure a gindin mangwaro, ga Sahura, ga mahaifinta a kan tabarma. Ashe ragon da na sato nasu ne.

"Na kira ka tun a famfo, ka ɗago mini hannu," in ji Sahura. "Gidanku kuma ba ka faɗa ba, cututtuka kawai ka faɗa."

Mahaifinta ya ce ba komai, sai dai in gaya wa mai ragon cewa dabbarsa ta cinye musu burodin gobe gaba ɗaya, har da takardar.

Alhaji Baba ya tarbi ragonsa kamar wanda ya dawo daga Makka. Ni ko kallona bai yi ba sai da aka sauko daga idi, ya dafa kafaɗata a gaban jama'a ya ce su taya shi addu'a in gama karatu lafiya, amma kafin nan kowa ya riƙe igiyarsa da kyau.

Shi da Iya duk sun rigamu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Yau ni likita ne na gaske, kuma abin da na koya a bencin nan ya fi amfanata a kan rabin littattafan da na haddace: in kana zuba bayani ka ga tsoho ya yi shiru yana gyaɗa kai, kada ka ɗauka ya gamsu. Fili yake ba ka ka gama tona ramin da kanka.